Daga Asibitin Zana Zuwa Niyok: Tarihin Gwajin Magani Da Maganar Yardar Majinyaci



Kwanakin baya ina zaune a ƙofar gida a Gagarawa bayan la'asar, sai wani dattijo maƙwabcinmu ya miƙo min wayarsa. Ya ce, "Ɗana, kai da ka yi boko, duba min wannan saƙon da aka turo, wai Turawa sun samo allurar rigakafin ciwon daji." Na karanta masa. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To, a kan 'ya'yan wa suka gwada? Ba dai irin na Kano ba ne?"

Ni ba a haife ni ba lokacin da abin Kano ya faru, kuma na san da yawa daga cikinmu haka ne. Amma tambayar Baba ta hana ni sukuni, domin ta nuna min cewa abin da ya faru a wani asibiti a 1996 yana nan a zukatan mutane har gobe, kuma shi ne ke yanke hukunci a gidaje da yawa idan masu allura suka yi sallama. Shi ya sa na ga ya dace mu bi diddigin labarin, tun daga allurar da aka turo masa a waya har zuwa asibitin da ya tuna.

ABIN DA AKA GWADA A NIYOK

Da farko mu gyara suna. Ciwon da ake magana a kai yana kama wata gaɓa ce da likitoci ke kira fankiriyas. Tana kwance a bayan tumbi, tana fitar da ruwan da ke taimakawa wajen narkar da abinci, kuma ita ce ke samar da sinadarin insulin mai daidaita sukari a jini. Na sha ganin masu fassara suna kiranta saifa ko matsarmama, alhali kowacce gaɓa ce daban da aikinta daban. Haka kuma a kula da kalmomin nan biyu masu kama da juna, sankara da sanƙarau. Ta farko ciwon daji ce, ta biyu kuma cutar da ke kama fatar ƙwaƙwalwa ta sanƙarar da wuya. Dukansu biyu za su shigo cikin wannan rubutun.

Sankarar fankiriyas tana cikin mafiya muni, saboda ba ta cika nuna alama da wuri ba. Kafin mutum ya rame, idonsa ya yi ɗorawa, ciwon ciki da na baya su dame shi, galibi ta riga ta yi nisa. Ko a Amurka, da duk kayan aikinsu, kusan mutum 13 ne kacal cikin 100 ke kai shekara biyar a raye bayan an gano ta. Waɗanda aka yi sa'ar yi musu tiyata ma, mafi yawansu takan dawo musu.

A watan Disamba na 2019 wani likitan tiyata mai suna Vinod Balachandran, a asibitin masu ciwon daji na Memorial Sloan Kettering da ke birnin Niyok, ya fara wani gwaji tare da kamfanin BioNTech na Jamus da kamfanin Genentech na Amurka. Idan an yi wa majinyaci tiyata an cire ƙarin, sai a aika da wani yanki nasa Jamus. A can za a binciki ƙwayoyin halittarsa a zaƙulo alamomin da suka bambanta shi da lafiyayyen nama, har guda 20. Daga nan sai a haɗa allura ta wannan mutumin shi kaɗai, da fasahar nan ta mRNA wadda aka yi allurar korona da ita. Aikin allurar shi ne ta nuna wa sojojin garkuwar jiki kamannin abokin gaba, kamar yadda ake nuna wa 'yan sintiri hoton ɓarawo, domin su farauci duk wata ƙwayar cutar da ta ɓuya bayan tiyata. Ana haɗa ta da wani maganin zaburar da garkuwar jiki da kuma maganin ƙona ƙwayoyin sankara da aka saba bayarwa.

Mutum 16 aka yi wa allurar. Sakamakon da aka buga a mujallar Nature a watan Mayu na 2023 ya nuna cewa jikin mutum 8 ya amsa, na 8 bai amsa ba. Bayan kimanin wata 18 ana bibiya, babu ko ɗaya cikin waɗanda jikinsu ya amsa da cutar ta dawo masa. A farkon 2025 aka sake buga wani rahoton bayan sama da shekara uku: 6 cikin 8 ɗin nan suna nan cutar ba ta dawo ba, yayin da ta dawo wa 7 cikin 8 na ɗaya ɓangaren.

Labari ne mai daɗi, amma a lura da abu biyu. Na ɗaya, wannan allura ta magani ce, ana yi wa wanda cutar ta riga ta kama, ba irin wadda ake yi wa mai lafiya don kariya ba. Allurar da ke hana wani nau'in sankara tun kafin ya zo tana nan daban, kamar ta sankarar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Nijeriya a watan Oktoba na 2023, kuma Jigawa na cikin jihohin farko. Na biyu, mutum 16 sun yi kaɗan a yanke hukunci da su. Shi ya sa aka buɗe zagaye na biyu a 2023, wanda aka tsara shi da majinyata kusan 260. Saboda haka saƙon da aka turo wa Baba ya yi azarɓaɓi. Ba a samo ba tukuna, ana dai kan nema.

YADDA GWAJI YA SAMO ASALI

Duk maganin da ke kantin magani, daga na zazzaɓin cizon sauro har zuwa na hawan jini, sai da aka gwada shi a jikin wasu mutane kafin ya iso gare mu. Babu wata hanyar da ta wuce wannan, domin jikin ɓera daban, na ɗan Adam daban.

Masu tarihi sukan fara lissafi daga 1747, lokacin da wani likitan sojan ruwan Ingila mai suna James Lind ya ɗauki ma'aikatan jirgi 12 masu fama da wata cuta mai kumbura dasashi da zubar da haƙora. Ya raba su biyu-biyu, ya ba kowane rukuni abu daban. Waɗanda suka sha lemun zaƙi da na tsami su ne suka warware. Abin da ya kawo sabo shi ne kwatantawa: ka ajiye rukuni kusa da rukuni ka ga bambanci. A 1948 kuma aka buga sakamakon gwajin maganin tarin fuka mai suna streptomycin a Ingila, inda aka raba majinyata ta hanyar ƙuri'a, don kada likita ya zaɓi masu ƙarfi ya ba su sabon magani ya ce ya yi aiki.

Daga nan tsarin ya zauna a kan matakai. A na farko ana gwadawa a jikin mutane kaɗan don a ga ko maganin na cutarwa. A na biyu ana ƙara yawansu don a ga ko yana aiki. A na uku ana kwatanta shi da maganin da ake da shi, a jikin ɗaruruwa ko dubbai. Gwajin Niyok da muka ambata na matakin farko ne.

Amma ilimin kwatantawa ya riga ilimin tausayi zuwa. Likitocin gwamnatin Hitila sun yi wa fursunoni gwaje-gwaje na rashin imani a lokacin yaƙin duniya na biyu. A shari'ar da aka yi musu a birnin Nuremberg, alƙalai sun shimfiɗa ƙa'idoji goma a 1947, kuma ta farkonsu ita ce dole mutum ya yarda da kansa, ba tilas ba yaudara, bayan an fahimtar da shi abin da za a yi masa. Ƙungiyar likitoci ta duniya ta ƙarfafa wannan a sanarwar Helsinki ta 1964. Duk da haka, a garin Tuskegee na Amurka an bar ɗaruruwan baƙaƙen fata da ciwon tunjere ba magani daga 1932 har 1972, don kawai a ga yadda cutar ke cin jiki. Ke nan rubuta ƙa'ida abu ɗaya ne, bin ta kuma wani abu ne daban, musamman idan wanda ake gwajin a kansa talaka ne mara murya.

KANO, 1996

A ranin 1996, zamanin mulkin Janar Sani Abacha, sanƙarau ya ɓarke a Arewa irin ɓarkewar da ba a taɓa gani ba. Alƙaluman da likitocin Nijeriya suka tattara sun nuna mutum 109,580 sun kamu, 11,717 sun rasu. A faɗin Afirka kuwa, annobar 1996 zuwa 1997 ta kama sama da mutum 250,000, ta kashe kimanin 25,000. Ga ƙyanda, ga kwalara, duk a lokaci guda. Abin ya kai har Saudiyya ta rufe wa maniyyatan Nijeriya ƙofa a hajjin shekarar.

Asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda kowa ya sani da Asibitin Zana, ya cika ya batse. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF tana wurin tana ba da maganin chloramphenicol kyauta, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a irin wannan annoba. A cikin wannan hali ne tawagar kamfanin Pfizer ta sauka daga Amurka da sabon maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna Trovan, wanda ba a riga an amince da shi ba. Fatan kamfanin shi ne ya nuna cewa maganin da ake haɗiya zai iya yin aikin allura, abin da zai sauƙaƙa jinya a wuraren da ma'aikata ba su da yawa.

An ɗauki yara kusan 200. Kimanin rabinsu aka ba su Trovan, sauran kuma aka yi musu allurar ceftriaxone, wadda sananniyar magani ce, sai dai bayan allurar farko an rage yawan abin da ake ba su ƙasa da ma'aunin da aka saba. Cikin kusan mako biyu tawagar ta kammala ta koma gida. Yara 11 sun rasu, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren. Wasu sun tashi da kurumta, wasu da makanta, wasu da shanyewar jiki ko taɓin ƙwaƙwalwa.

A nan ne marubuci ke buƙatar nutsuwa, domin ɓangarori biyu ne, kowanne da abin da yake cewa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa sanƙarau ne ya kashe yaran ya kuma naƙasa wasu, tunda dama cutar tana yin haka. Ya ce kusan 94 cikin 100 na yaran da ke cikin gwajin sun rayu, adadin da ya fi na majinyatan annobar gaba ɗaya. Ya ce ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun kuma amince da baki, ya ce an rage allurar ce don rage wa yara raɗaɗi. Iyaye kuwa sun ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, ba wanda ya gaya musu cewa a cikin harabar nan akwai masu ba da tabbataccen magani kyauta, kuma ba su ga takardar da za su sa hannu ko su dangwala ba.

Ka sa kanka a matsayin uwar da ta goyo ɗanta daga ƙauye, wuyansa a sanƙare, jikinsa kamar wuta. Ta ga Bature da farar riga ya miƙo hannu. Wace tambaya za ta yi? Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Shi ya sa nauyin bayani yake kan mai ilimi, domin shi ne ya san abin da ke cikin kwalbar.

Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da Trovan ga manya a ƙarshen 1997, amma ba ta taɓa amincewa a ba yara ba. A 1999, bayan rahotannin lalacewar hanta da mace-mace, ta taƙaita amfani da shi ƙwarai, Tarayyar Turai kuma ta dakatar da shi.

SHARI'A DA DIYYA

Shekara huɗu maganar tana kwance. A watan Disamba na 2000 jaridar Washington Post ta buga jerin rahotannin bincike a kan gwajin magunguna a ƙasashe matalauta, kuma labarin Kano ne ya fi tayar da ƙura. Daga nan aka gano cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka gabatar an rubuta ta ne daga baya aka mayar da kwanan watanta baya, domin a lokacin gwajin asibitin koyarwar da aka jingina wa takardar ba shi da irin wannan kwamiti.

Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamiti ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi a 2001. Kwamitin ya kammala da cewa gwajin ya saɓa wa doka, amma rahoton bai ga hasken rana ba sai a 2006, lokacin da aka tsegunta shi ga jaridar nan dai. A 2001 wasu iyalai sun shigar da ƙara a Niyok. A 2007 Gwamnatin Kano ta kai kamfanin kotu, Gwamnatin Tarayya ma ta bi sahu, ana neman biliyoyin daloli. A watan Janairu na 2009 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta yanke cewa haramcin yin gwaji a jikin mutum ba da yardarsa ba ya zama ƙa'idar dokar ƙasa da ƙasa, don haka ƙarar iyalan na iya ci gaba. Ɗaliban lauya a ƙasashe da dama suna karanta wannan hukunci, kuma sunan Bahaushe ne a kansa, Abdullahi da Pfizer.

A watan Yuli na 2009 aka sasanta da Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. An ware miliyan 35 don waɗanda abin ya shafa, miliyan 30 don ayyukan lafiya a jihar, miliyan 10 don kuɗin shari'a. Da aka zo rabo sai wata matsalar ta taso: sama da mutum 500 suka fito, alhali yara kusan 200 aka yi gwajin da su, don haka aka shardanta gwajin ƙwayar halitta. Sai a watan Agusta na 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu, shekara 15 bayan sun binne 'ya'yansu.

ABIN DA RASHIN YARDA YA JAWO

Hasarar ba ta tsaya a kan yara 200 ba. A 2003, lokacin da duniya ke dab da ganin bayan shan-inna, jita-jita ta bazu cewa an gurɓata maganin ɗigon da sinadarin hana haihuwa. Majalisar ƙoli ta harkokin shari'ar Musulunci ƙarƙashin Dakta Datti Ahmed ta yi kira da a dakata, jihohin Kano, Zamfara da Kaduna suka dakatar da aikin. Akwai siyasa a ciki, akwai fushin yaƙin Iraƙi, akwai kuma tambayar da talaka ke yi cewa me ya sa ake biyo shi gida da ɗigo kyauta alhali idan ya je asibiti ba magani. Amma hujjar da ta fi shiga kunne ita ce, ai sun taɓa yi a Asibitin Zana. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Kano ba ta koma ba sai a watan Yuli na 2004, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, bayan an samo maganin daga ƙasar Indunusiya. Kafin nan ƙwayar cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. A watan Fabrairu na 2013 'yan bindiga sun kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. Sai a 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da shan-inna na daji. Duk wanda ya girma a garuruwanmu ya san sa'o'insa da ke tafiya a keken guragu. Trovan ba allurar rigakafi ba ce, ba shi da alaƙa da ɗigon shan-inna, amma inuwarsa ta faɗa a kan ɗigon, yaran da ba su ji ba ba su gani ba suka biya.

Abu ɗaya mai amfani da ya fito daga wannan dambarwa shi ne doka. A 2007 Nijeriya ta fitar da kundin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, dokar lafiya ta 2014 kuma ta ba kwamitin ƙasa mai kula da wannan fanni gindin zama. Yau duk mai son gwada magani sai ya bi ta kwamitin ɗa'a da hukumar NAFDAC, kuma sai ya yi wa mutum bayani da harshen da yake ji.

GWAJIN DA YA AMFANE MU

Da a nan labarin ya ƙare, da sai mu ce a rufe ƙofa kawai. Amma annobar 1996 ɗin nan ita ce kuma ta haifar da ɗaya daga cikin manyan nasarorin lafiya a Afirka. Bayan ta lafa, shugabannin lafiya na ƙasashenmu suka nemi a samar da allurar da za ta daɗe tana kariya, kuma mai arha. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka fara aikin, da tallafin gidauniyar Gates, kamfanin Serum Institute na Indiya kuma ya yarda ya sarrafa ta a kan ƙasa da rabin dala kowace ɗaya. An gwada ta a Indiya, sannan a Mali, Gambiya, Senegal da Gana, mataki-mataki, da amincewar kwamitocin ɗa'a da zama da iyaye da shugabannin al'umma. A watan Disamba na 2010 aka ƙaddamar da ita a Burkina Faso da sunan MenAfriVac, ta iso Nijeriya a 2011. Nau'in A na sanƙarau, wanda shi ne ya yi ɓarnar 1996, ba a sake tabbatar da shi a yankin ba tun 2017.

Sai dai cutar tana da nau'i-nau'i. Nau'in C ya taso ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato a 2017, inda sama da mutum 1,100 suka rasu a ƙasar. Sannan ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Daga ƙarshen 2022 ya ɓulla a jihar Damagaram, kuma kowa ya san iyakar da ke tsakaninmu da su ta takarda ce: duk ranar Alhamis kasuwar Maigatari tana haɗa mu, ga auratayya, ga zumunci. A ranin 2023 kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda ake zargin sun kamu a Nijeriya 'yan Jigawa ne, kuma Maigatari da Sule Tankarkar ne suka fi jin jiki. Mu da ke Gagarawa da Gumel mun ga yadda ake kwana da fargaba idan yaro ya ce kansa na ciwo.

A lokacin nan akwai wata sabuwar allura mai kariya daga nau'i biyar, A, C, W, Y da X, wadda aka gwada a jikin mutum 1,800 a Mali da Gambiya. A watan Maris na 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da ita, kuma Jigawa na cikin jihohin da aka fara. Wato yaran ƙasar Gumel sun sami kariya ne saboda wasu iyaye a Bamako da Gambiya an yi musu bayani sun ce sun yarda. Idan aka ajiye wannan kusa da na 1996, za a ga cuta ɗaya ce, nahiya ɗaya, talauci iri ɗaya. Abin da ya bambanta su shi ne a ɗaya an zauna da mutane an nemi izininsu, an kuma tsara tun farko cewa amfanin zai dawo musu.

INA MARUBUCI YA TSAYA?

Akwai wani zare da ya haɗa farkon labarin nan da tsakiyarsa. Kamfanin BioNTech mai haɗa allurar sankarar fankiriyas shi ne ya haɗa hannu da Pfizer suka yi allurar korona, kuma da ta iso Arewa a 2021 sunan Trovan ya sake tashi a majalisu. Ko ba jima ko ba daɗe, irin waɗannan gwaje-gwaje na ciwon daji za su nemi majinyata a asibitocinmu na koyarwa, kuma ya kamata su nema, domin maganin da ba a taɓa gwada shi a jikin irinmu ba, aro muke yi. Ranar da suka zo, abin da mutanenmu za su yi ya dogara da labarin da ke kansu.

Wannan labarin kuwa mu ne ke rubuta shi. Na ji wanda ya ce dubban yara aka kashe a Kano, na ji wanda ya ce allurar shan-inna ce aka gwada, na kuma ji wanda ya ce duk sharri ne ba abin da ya faru. Kowannensu ya cuci tarihi. Idan za ka sa wannan a ƙagaggen labari ko waƙa ko wasan kwaikwayo, ka riƙe adadin yadda yake: yara kusan 200, 11 sun rasu, ɓangarori biyu sun yi jayayya, an sasanta ba tare da amsa laifi ba. Gaskiyar tana da nauyin da ba ta buƙatar ƙarin gishiri. Kuma akwai labarai a ciki da ba a taɓa su ba: uwar da ta goyo ɗanta, ma'aikaciyar jinyar da aka sa ta yi tafinta, saurayin da ya girma kurma yana jiran sakamakon gwajin ƙwayar halitta, mai ɗigon shan-inna da ake rufe wa ƙofa a unguwarsu.

Akwai kuma aikin da ya fi gaggawa. Takardar neman yarda da ake ba majinyaci, wani ne zai fassara ta zuwa Hausa. Idan mai fassarar bai bambance saifa da fankiriyas ba, bai san yadda zai ce "za a raba ku ta hanyar ƙuri'a" tsohuwa ta gane ba, to sa hannun da aka yi a kai na banza ne. Mu koya wa mutanenmu tambayoyi biyar da haƙƙinsu ne su yi: Wannan gwaji ne ko tabbataccen magani? Akwai wani maganin da aka sani idan na ƙi? Wace illa ake tsoro? Zan iya janyewa a duk lokacin da na so ba tare da an hana ni jinya ba? Idan wani abu ya same ni, wa zai ɗauki nauyi?

Na koma wurin Baba bayan kwana biyu na ba shi amsa. Na ce masa a kan manya 16 aka gwada, a ƙasarsu, kowannensu an karanta masa ya sa hannu, kuma har yanzu ba a gama ba. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, in dai an tambaye su, ai da sauƙi." Sannan ya tambaye ni ko jikokinsa biyu da suka dawo daga almajiranci za su iya samun allurar sanƙarau kafin zafi ya shigo. Na ce masa ranar Litinin zan raka su asibiti mu tambaya.

Allah ya ji ƙan yaran da suka rasu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa alƙalumanmu su zama masu amfani. Wanda ya ga gyara ƙofa a buɗe take.